Ceba a Jitar Nu'uman

A shekarar da masu gudun yaƙi daga Khartum suka cika makarantun Gadarif, Inna Jummare ta juya fuskarta ga bango. Ba faɗuwa ta yi ba, zazzaɓi kuma bai kama ta ba. Ƙanwarta Batulu ce ta rasu, ita ce ta ƙarshe cikin waɗanda suka san ta tana yarinya. Da aka watse daga zaman makoki sai tsohuwar ta hau gadonta na igiya ta ja mayafi. In an kawo abinci ta taɓa da yatsa ta ture. Likita ya duba ta, ya ce bai ga ciwon da zai rubuta wa magani ba. In ta ci abinci za ta tashi, in ta ƙi, da wuya damina ta same ta.

Ɗanta Nu'uman ya ji wannan magana a tsaye a ƙofar ɗaki, basillarsa soke a aljihun gaba. Ɗinkin bakin buhu yake yi a kasuwar hatsi. Tun safe har la'asar yana tsugune tsakanin tsaunukan dawa da riɗi, ana cika buhu ana turo masa, yana ratsa shi da basilla yana ja yana ƙullewa. Fatar yatsunsa ta yi kauri har ƙaya ba ta shigarta. Shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, Babba take ce masa. A unguwa kuwa ba a san shi da buhu ba, an san shi da jita.

Mahaifinsa, Malam Mudi, jikan mutanen da suka taso daga yamma da ƙafa za su aikin hajji ne, guzuri ya ƙare musu a wannan ƙasa ta baƙar laka, suka ce bari su yi noma shekara guda. Malam Mudi ɗan ƙwadagon gona ne, yana bin manyan gonakin inji lokacin yankan riɗi, yana kwana a kambo, bukkokin da ake kafa wa ma'aikata a tsakiyar gona. Yana da molo da yake ratayawa a kafaɗa ɗaya da lauje. Ya rasu Nu'uman bai gama zama saurayi ba, molon kuma gara ta cinye shi a saƙon ɗaki. Abin da ɗan ya riƙe kaɗan ne: wani kiɗa guda mai hawa da sauka, da yadda uban yake lumshe ido.

Jitar ta zo hannunsa ne daga wani ɗan kasuwa mai zuwa Gallabat, can bakin iyaka, sayo kofi da citta. A cikin kayansa ta zo, ja ce, irin mai arahar nan da ake yi da yawa a ƙasashen nesa, fentinta har ya fara ɓantarewa. Nu'uman ya ɗauko ta a kafaɗa tare da wata ƙaramar lasifika, ya haɗa da batirin babur. Ranar da ya fara kaɗa ta a tsakar gida kaji suka watse. Muryarta a dishe take, kowace tsirkiya tana gugar ƙarafan da ke gicciye a wuyan jitar, tana ziza kamar ƙudan zuma a cikin tulu.

Matarsa Hajo ta leƙo daga madafi ta ce, "Maigida, wannan sayowa ka yi ko tsintowa?"

Inna kuwa cewa ta yi ɗan mutunci ba ya rungumar faranti mai wuya a gaban mutane. Amma ta fito da tsintar wakenta ta zauna a gindin darbejiya, kuma ba ta tashi ba har ya gama. Washegari ma haka. Shekaru aka yi ana haka: ya dawo daga kasuwa bayan la'asar, ya wanke ƙurar dawa daga gashinsa, ya zauna ya kaɗa, ita kuma ta sami aikin da ba a iya yinsa sai a gindin bishiyar nan.

Shi dai kunyar muryar jitar yake ji. Yana jin yadda jita take fita a rediyo, tas kamar ruwan randa, sai ya ƙudura cewa tasa ma za ta kai can ko da a hankali ne.

Maɗauran tsirkiya ya fara canzawa, domin na asali sakin jiki suke yi, kafin ya kai ƙarshen waƙa sautin ya zame. Ya yi ta saƙo ta hannun ɗan kasuwar nan har aka samo masa na wata matacciyar jita a hayin iyaka. Daga baya zafin bazara ya tsaga 'yar robar da tsirkiyoyi suke ratsawa a saman wuya. Ya je mahauta ya roƙi ƙashin ƙafar raƙumi, ya dafa shi, ya shanya a rufin ɗaki, ya yi ta goga shi a dutse da yamma har ya zama ɗan siririn abu fari, ya tsaga masa hanyoyi da zarto. In rani ya busar da itacen wuyan sai ya diga man riɗi a tsumma ya shafa masa, kamar yadda Hajo take shafa wa yara ƙafa. In damina ta zo, laka ta kama takalmin kowa ta riƙe, wuyan yakan ɗan lanƙwashe don danshi, shi kuma ya koyi juya ƙarfen da ke cikinsa kaɗan-kaɗan har ya miƙe.

Shekarar da aka yaye 'yarsu Huda ya kankare jan fentin gaba ɗaya. Itacen da ya fito fari ne, ba shi da kyan gani. Hajo ta dube shi ta yi tsaki.

"Ba ni nan. Ka tuɓe ta tsirara ka bar ta."

Ta kwaɓa lalle mai kauri, ta shafe fuskar jitar, ta lulluɓe da tsohon zane, ta maimaita har launin ya kama. Da ya bushe aka goge da mai, sai ga itacen ya yi ja mai duhu kamar tafin amarya, jijiyoyinsa suna gudu a ciki. Mutane sukan zo don su gani kawai. Nu'uman ba ya bari a ajiye ko kofin shayi kusa da ita.

Kowane gyara yakan ɗauke wani abu daga dishewar muryar. Kuma a hankali, ba tare da ya lura da ranar da abin ya fara ba, zaman Inna a gindin darbejiya ya riƙa gajarta. Ya ɗauka gwiwa ce, ya ɗauka tsufa ne.

Yaƙi ne ya kawo Awad. A Omdurman yana da shagon gyaran kayan kiɗa, ya baro shi da abin da jakar hannu za ta ɗauka, ya kafa tebur a bakin kasuwa yana gyaran rediyo da wayar hannu. Ranar da Nu'uman ya kai masa jitar, sai da mutumin ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya juya ta, ya shinshina itacen, idonsa ya kawo ruwa.

"Ya zol, bawan Allah, wa ya yi mata wannan launi?"

"Uwargida."

"Allah ya saka mata. Amma wa ya haɗa wayoyin ciki?"

"Ni."

"Allah ya yafe maka."

Suka zama abokai a kan wannan jita. Awad ya goge ƙarafan wuya ɗaya bayan ɗaya har suka daidaita, tsirkiya ta daina taɓa wanda ba a danna ba. Ya cire abin da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyi, ɗan akwati mai maganaɗisu da ke ɗaukar motsinsu ya kai wa lasifika. Shi yana ce masa lakit, Nu'uman yana ce masa kunne. Ya sa wani mai kyau, ɗaya daga cikin 'yan abubuwan da ya tsira da su daga shagonsa. Da suka gama, jitar ta yi murya irin wadda Nu'uman ya yi shekaru yana mafarki. In ya taɓa tsirkiya sautin yakan fito siriri, ya daɗe a iska kafin ya narke. Awad ya ce akwai mawaƙan da suka gudo daga Khartum suna neman mai jita don bukukuwan aure, kuma ya riga ya ba su labarinsa.

A cikin wannan farin ciki ne Batulu ta rasu, Inna ta kwanta.

Nu'uman ya gwada abin da ya sani. Ya kawo lasifikar bakin ƙofarta, ya kaɗa mata waƙoƙin da suka fi daɗi, da muryar da ba a taɓa ji ba a unguwar. Maƙwabta sukan tsaya a bayan darni su saurara. Mayafin da ke kan gado bai ko motsa ba. Hajo ta dafa duk abin da tsohuwa ta taɓa yabawa, yana dawowa yadda ya tafi. Wuyan hannun Inna ya zama kamar karan dawa. In Nu'uman ya ɗaga ta don a gyara shimfiɗa, sai ya ji buhun da bai kai rabi ba ma ya fi ta nauyi, ya rasa inda zai sa idonsa.

Wata la'asar iska ta taso da ƙura, ƙaiƙayi ya maƙale a jakin jitar, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa a gindi. Ya zaro basillarsa zai tsokale shi, ta suɓuce ta shige tsakanin tsirkiyoyin. Garin cirowa hannunsa ya buge su. Lasifika ta yi wata irin ziza mai kauri, ƙarfe yana rawa a kan ƙarfe.

Daga cikin ɗaki wata murya ta ce, "Malam ne ya dawo?"

Hajo ta saki ludayi. Kwana da kwanaki ba su ji Inna ta haɗa kalma uku ba. Nu'uman ya shiga da sauri, ya tarar ta ɗago kai tana duban ƙofa. Da ta ga shi ne sai ta mayar da kan a hankali, ta sake juyawa ga bango.

Ya fito ya zauna a ƙasa. Hajo ta zo ta tsuguna kusa da shi.

"Abu Huda, molon Baba yana da wani abu a kai, ko? Inna ta taɓa ba ni labari. Wani ƙarfe mai zobba."

Sai ya tuna. Ceba. Ɗan faffaɗan ƙarfe da ake huda gefensa a zura ƙananan zobba, a soke shi a kan sandar molo, in an kaɗa ya riƙa karkarwa tare da tsirkiya. A wajen mutanen da, kiɗan da babu wannan karkarwa bai cika kiɗa ba, kamar miya ce babu daddawa. Abin da ya ɗauka aibin jitar ne, abin da ya kwashe shekaru yana gogewa yana kankarewa, shi ne yake fito da Inna gindin darbejiya da tsintar wake.

"Ni na kore ta da hannuna," in ji shi.

"Ba wannan ake ciki ba yanzu. Tashi ka je wurin Abdulganiyyu kafin ya kashe wuta."

Abdulganiyyu tsohon maƙeri ne a ƙarshen unguwa, yawancin aikinsa gyaran lauje da fartanya. Da ya ji abin da ake so sai ya yi dariya har ya yi tari.

"Ceba? Rabona da jin wannan suna tun ina da haƙora. A kan wannan abu na Turawa za ka sa?"

"A kansa, Baba."

"To, zamani ya ci ya ƙoshi."

Ya ƙera ta da tagulla, daga wani tsohon faranti, domin tagulla ta fi sheƙi kuma yana son aikin ya yi kyau. Nu'uman ya ɗaure ta a kan jitar, can sama kusa da maɗaurai, daidai inda ake sa wa molo. A hannu tana karkarwa da daɗi. Amma da ya kunna lasifika, sautin tsirkiya ya fito tas yadda yake, ya danne 'yar karkarwar. In ya kashe lasifika kuma kunnen Inna ba ya kaiwa. Ya kaɗa har hannunsa ya gaji, ɗakin shiru.

Da safe ya kai wa Awad. Mutumin ya dubi cebar kamar wanda aka ajiye wa ƙadangare a tebur.

"Mene ne wannan?"

Nu'uman ya yi masa bayani. Awad ya cire tabarau ya murza ido.

"Ya akhi, ka san wahalar da na sha kafin in fitar da wannan ƙara daga jikinta? Yanzu ka zo in mayar?"

"Na sani."

"Mutanen Khartum ba za su ɗauke ka da wannan ba. Za su ce jitarka ta lalace."

"Na sani, Awad. Uwata ba ta cin abinci."

Shi ma Awad uwarsa tana can inda ya baro, ba ta iya tafiya ba, kuma ba kullum waya take shiga ba. Ya mayar da tabaransa, ya jawo jitar gabansa.

"Lakit ba ya jin tagulla," in ji shi. "Kuma ba ya jin abin da ke nesa. Baƙin ƙarfe yake ji, wanda maganaɗisu ke kamawa. Basillarka ta yi ƙara ne domin ƙarfe ce kuma tana kan tsirkiya. Sai an yi wata da baƙin ƙarfe, a kafa ta nan, a gindin jaki, zobban su riƙa taɓa tsirkiyoyin." Ya ɗora yatsa a kan jan itacen, inda lallen ya fi kamawa. "Sai an huda nan."

Nu'uman ya dubi wurin. Nan ne yakan goge da gefen rigarsa kowace yamma kafin ya rataye ta. Ya ce a ba shi zuwa gobe, aikin Hajo ne, ba zai huda ba sai ta sani.

Hajo tana tankaɗe ya gaya mata. Ba ta ko ɗago ba.

"Lalle ne fa, Abu Huda. Yana nan a kasuwa. Huda."

Abdulganiyyu ya yanko ƙarfen daga wani laujen yankan riɗi da ya cinye har ba ya kama washi. Ya buge shi har ya baje kamar ganye, ya huda, ya naɗa zobban da waya. Ba ta yi kyan ta tagulla ba, baƙa ce, da tabon guduma a jikinta. Awad ya riƙe jitar da hannu biyu, ya ce shi ba zai iya hudawa ba. Nu'uman ne ya kafa bakin abin hudar a kan itacen ya juya. Farin gari ya fito daga cikin ja. Ya hure shi, ya ɗaura cebar, suka yi ta matsawa suna sassautawa har zobban suka kwanta a kan tsirkiyoyi ba tare da sun shaƙe su ba.

Da ya gwada, masu sayen waya a teburin gefe suka waiwayo. Wani ya ce, "Ayya, ta lalace." Awad ya ce masa ya kula da abin da ya kawo shi.

Ran nan hadari ya fara haɗuwa ta gabas, iska tana kawo ƙamshin ƙasa daga inda aka riga aka yi ruwa. Nu'uman ya ajiye lasifika a bakin ƙofar Inna bayan la'asar. Bai kaɗa ko ɗaya daga cikin waƙoƙin rediyo ba. Ya nemo kiɗan nan guda da ya riƙe daga ubansa, mai hawa da sauka, ya fara a hankali. Muryar ta fito da kauri, kowane sauti da jelar karkarwa a bayansa, kamar mutum mai magana da tsohon maƙogwaro. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Hajo tana tsaye a ƙofar madafi, hannunta a kan baki.

Igiyar gado ta yi ƙara.

"Babba."

Ya tsaya.

"Wa ya ce ka tsaya? Amma gudu kake yi. Ana korarka ne?"

"A'a, Inna."

"To sassauta. Ka shigo daga ciki, iska tana kwashe rabi."

Ya ɗauki lasifikar ya shiga, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar gadon. Ta yunƙura, Hajo ta ruga ta tallafe ta, ta jingina ta da matashi. Tsohuwar ta miƙa hannu ta laluba fuskar jitar har yatsunta suka sami baƙin ƙarfen. Ta girgiza zobban da farce.

"Aikin Abdulganiyyu ne wannan. Har yanzu hannunsa bai yi laushi ba."

Nu'uman ya ci gaba da kaɗawa, a hankali yadda ta ce. Ta rufe ido, kanta yana ɗan rausaya. Can ta buɗe ta dubi surukarta.

"Ke kuma kin tsaya kina kallona kamar baƙuwa. Babu kunun tsamiya a gidan nan?"

Hajo ta fita da gudu har ta bar takalmi ɗaya a bakin ƙofa.

Da kunun ya zo Inna ta karɓi kwanon da kanta, ta ƙi a riƙe mata. Ta kurɓa, ta huta, ta sake kurɓa. Nu'uman bai yarda ya dube ta ba don kada ta ji kunya ta ajiye, idonsa yana kan wuyan jita, ga shi ba ya ganin ƙarafan sosai.

"Inna," ya ce, "haka Baba yake kaɗa shi?"

Ta share bakinta da gefen mayafi.

"Ubanka? Ai bai iya ba. Wannan guda ɗaya ya sani, shi ma rabi. Tun ina amarya har ya bar duniya shi yake maimaitawa. Cebar ce take rufa masa asiri." Ta yi 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Ban taɓa gaya masa ba. Kai ma kada ka gaya wa kowa."

Ta miƙa wa Hajo kwanon ba tare da ta dube ta ba.

"Ƙaro kaɗan. Kai kuma koma daga farko, akwai inda kake tsallakewa, zan nuna maka."